Naira Biyar a Gwangwanin Allura

Saƙon banki ya shigo bayan La'asar,
muna zaure a Limancin Kona, kowa da riga a cinya.
Na karanta wa jama'a da ƙarfi:
dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin.
Jatau ya ce, “Maimaitawa ka yi, ko in'ina ce ta kama ka?”
Haka take, Jatau. Lamba ce mai amsa kanta,
kamar kira a gindin Kufena.

Ladan wata huɗu ke nan,
na aska takwas da tambari da ciwon wuya,
mu goma sha shida.

Ni ne ma'aji, don na kai aji uku kafin allura ta janye ni.
Da dare na zauna da ita a bayan kwalin zare,
ina juya ta yadda ake juya shadda kafin a taya.
Cika ce, ba mara ba.
Raba ta biyu, ta ba ka tagwaye.
Raba ta uku, tagwaye.
Takwas, tara, goma sha biyu,
kowane kaso ya fito da ɗan'uwansa a goye.

Malam Jumare, Allah ya jiƙansa,
yana kiran wasu lambobi gagara-rabo,
waɗanda ba sa durƙusa wa kowa sai ɗaya da kansu.
Na farke tata ƙirjin na same su a zaune:
biyu har sau huɗu, uku sau biyu,
biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku.
Da wannan zare shida aka saƙa ta kaf.

Ƙofa ɗari biyu da arba'in gare ta,
ta kowace ka shiga ka fita ba saura.
Tara 'ya'yanta, ban da ita,
sun ninka ta fiye da sau uku.
Irin wannan Malam ke cewa mai yalwa,
gidan da tukunya ta fi masu ci.
Daga ɗaya zuwa sha shida ba wanda ta hana,
kuma duk ƙasa da ita babu mai wannan hali.

Na rubuta: kowa dubu arba'in da biyar,
da naira arba'in da biyar.
Ko alƙali ba zai yi gyara ba.
Na kwanta ina jin daɗi kamar ni na haife ta.

Da safe sai Barau, ƙaraminmu, bai ɗago kai ba, ya ce,
“Baba Sallau fa?”

Baba Sallau da ya zana wuyan kowace riga
kafin yana ta rufe masa ido a tsakiyar damina.
Bai soka allura ko sau ɗaya ba.
Ba ya cikin takarda.
Amma a kan layinsa muka bi, wata huɗu.

Goma sha bakwai.
Gagara-rabo ce, kuma ba ta cikin zaren nan shida.
Na gwada, lambar da ba ta taɓa musu ba ta cije.
Kowa zai sauke dubu biyu da ɗari shida da hamsin,
tagwaye su watse,
naira biyar ta rage tana kallona.

Na ce, “Lissafin zai ɓaci.”
Jatau ya gatsa zare da haƙori, ya tofar.
“Lissafin wa?”

Barau ne ya kai masa har Ƙofar Kuyambana.
Ya ce tsohon ya ƙirga da yatsa, a hankali,
sannan ya tambaya ko askar hagu ta miƙe.

Naira biyar ɗin tana cikin gwangwanin allura.
Ba ta sayen goro, ba ta sayen ashana.
Wani lokaci in na buɗe neman ƙaramar allura
sai in gan ta a naɗe,
in ɗan tsaya,
in mayar da murfi.